Ƙofar Gidanmu Mai Zanzana Ta Rasu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da har yanzu suke amsa kuwwa, ni Silvano Anywar, malamin Turanci a sakandaren Te-Olam, a madadin iyalan marigayi mahaifinmu Obita maƙeri, nake sanar da 'yan'uwa da surukai da tsofaffin ɗalibaina, har da 'yan jaridar ƙasashen waje idan akwai wanda bai manta hanyar garinmu ba, rasuwar ƙofar gidanmu. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan idon jama'a, tana tsaye a inda ta saba tsayawa. Ba ta yi doguwar jinya ba. Kashe ta aka yi, kuma na san wadda ta kashe ta, domin ni na miƙa mata ruwan sha bayan ta gama.

Ina roƙon kada kowa ya kai ƙara. Marigayiyar shaida ce, kuma a ƙasar nan ba a saba ganin shaida ya mutu da tsufa ba. Ita ta ma yi sa'a, ta yi shekara talatin da shida da abin da ta gani a cikinta. Abin da ta gani ɗin nawa ne, ta kuma rufa mini asiri a kansa fiye da yadda uwa take yi wa ɗa. Ranar Asabar mai zuwa dattawan danginmu za su zauna su tambaye ni inda yayana Nyeko ya faɗi. Da tana raye, da na sake nuna musu gindin mangwaron kasuwa, kamar yadda na saba.

An haifi marigayiyar a tsohon injin gurzar auduga da ke bakin rafi, inda ta yi ƙuruciyarta a matsayin gefen tukunyar tururi. Da injin ya mutu, mahaifinmu ya ɗebi ƙarti huɗu da amalanken shanu suka jawo ta gida. Kaurinta ya kai babban yatsan hannu. Ya yi mata sakata mai kaurin taɓarya, ya sa mata zoben ƙarfe ta waje domin ja, ya kafa ta a bakin shagonmu mai kallon kasuwa, wanda ta cikinsa ake shiga gidan duka. Ranar da ya gama ya ja da baya yana share gumi, ya ce, "Duk ɓarawon da ya fasa wannan, na ba shi 'yata."

Mahaifiyarmu ta ce, "Wace 'yar? 'Ya'ya maza biyu gare ka, ka yi musu ƙofar kurkuku."

Marigayiyar ba mai yawan magana ba ce, amma idan ta yi, sai gari ya ji. Da safe takan ce ƙiiiii, ta ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ta ce gwaram. Da yamma sakatarta takan ce ƙarau, sau ɗaya, ba ta maimaitawa. Mai buga ƙararrawar coci da muryarta yake gyara agogonsa. Ta yi haƙuri da rana da ruwa da fitsarin mashaya. Ba ta taɓa gulma ba. Aibinta ɗaya ne, kuma na dukan danginta ne: ba ta da ido. Ba ta bambanta ɗan gida da baƙo. Idon ƙofa shi ne wanda yake riƙe da sakata.

Zanzanar da aka san ta da ita ta same ta ne a rana ɗaya, a cikin ƙasa da lokacin da ake ɗauka a dama kunu. Ranar kasuwa ce, rana tsaka, mata suna auna riɗi. Ina da shekara goma sha tara. Mahaifinmu ya riga ya rasu, mahaifiyarmu tana gona, Nyeko ya haye kasuwa kai wa wani fartanyar da ya gyara, ni aka bari a shago. Masu bindiga suka ɓullo ta wajen mahauta. Kada a tambaye ni na wane ɓangare ne. A shekarar nan kowane ɓangare kakin ɗayan yake sawa, domin a jikin gawarsa ya cire. Wanda na fara gani ya faɗi mai sayar da gishiri ne, kansa ya buɗe a kan kayansa, gishirin ya yi ja. Wata mata ta ruga da kwarya a ka, harbin ya juya ta sau biyu, ta zauna a ƙasa tana tara riɗin da ya zube da hannun da ya rage mata. Mutane suka kwararo cikin shagonmu. Na tura marigayiyar da kafaɗa, ta ce gwaram, na zura sakata.

Mu goma sha ɗaya ne a ciki: ni, da Aparo matar Nyeko, da jaririyarsu Lanyero 'yar wata huɗu a bayanta, da mutanen kasuwa takwas.

Shekara talatin da shida ina gaya wa duk wanda ya tambaya cewa ƙarfen ya yi kauri, ba a jin komai daga ciki. A yau, don girmama marigayiyar, ina gyara wannan magana. Ana ji. Tun muna yara Nyeko yana da bugunsa: biyu da sauri, ɗaya a hankali. Dum-dum, dum. Marigayiyar ta isar da saƙon kamar yadda aka ba ta, ba ta rage ko ɗaya ba. Muryarsa kuma ta shigo ta ƙarƙashinta.

"Silva! Ni ne, ɗan banza, buɗe!"

Aparo ta ce, "Shi ne." Kalma biyu, ba ta ƙara ba. Ta juyo da jaririyar gaba ta toshe mata baki da nono.

Hannuna biyu suna kan sakata. Da zan iya cewa wani ya riƙe ni, ko wani ya ce kada in buɗe, da na faɗa tun tuni, domin na nemi wannan mutumin a cikin tunanina shekara da shekaru ban same shi ba. Babu wanda ya ce buɗe, babu wanda ya ce kada ka buɗe. Mutum takwas suna kallon ƙasa. Ina jin takalman masu bindiga a kan tsakuwa, ban san nisansu ba. Sai na fara karanta addu'ar Ubanmu a zuciyata, shi kuma yana bugawa. Na kai ƙarshenta, har da amin. Duk wanda ya iya wannan addu'a yana iya gwadawa a gidansa. Ni na gwada sau da yawa. Lokacin ya isa a buɗe ƙofa a rufe sau biyu.

Sai gurneti. Marigayiyar ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, kamar an buga ƙararrawar coci a cikin haƙoran mutum. Ƙura ta zubo daga rufi. Bayan ɗan shiru aka yi harbi uku, a tsanake, irin na mai cika aiki: tam, tam, tam. Wani abu mai nauyi ya sulale a jikinta ta waje har ƙasa. Jini ya shigo ta ƙarƙashinta, ya bi gangaren siminti, ya kewaye takalmina, ya wuce ya tsaya a jikin buhun wake. Ban matsa ba. Hannuna suna kan sakata har la'asar, sai da wata tsohuwa ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Kafin mu fito wata babbar mota ta zo ta kwashe gawarwakin kasuwa, ba mu san inda ta kai su ba har yau. A bakin ƙofa takalminsa ɗaya muka tarar, na taya. Ni na wanke marigayiyar da toka da tsintsiya. Akwai wuraren da sai da na sa farce. Da mahaifiyarmu ta dawo daga gona, wani ya ce ya ga gawa mai irin rigar Nyeko a gindin mangwaro, can tsakiyar kasuwa. Na kama wannan magana kamar wanda ruwa ya ci aka miƙa masa takobi. Mahaifiyarmu na fara yi wa ƙaryar, kuma da ita ta mutu. Mutum takwas ɗin nan suka watse da shirunsu, kowa ya kai nasa kabari. Aparo ba ta ƙaryata ni ba. Tana da jaririya, kuma gidan nan kaɗai take da shi.

A jami'a, a Kampala, na haɗu da kalmar da ta zama babbar ƙawar marigayiyar. Turawa suna cewa pockmarked. Daga cutar agana suka samo ta: ƙurji ya fito, ya fashe, ya bushe, ya bar rami, fuska ta cika da ramukan, zanzana ke nan. Daga fuska suka ɗauke ta suka kai wa bango, da titi bayan damina, da wata idan an leƙa shi da madubin hange. Tana da sharuɗɗa. Rami ɗaya bai isa ba, sai sun yi yawa, sai sun zama ƙanana, sai kuma abin yana nan tsaye bai rushe ba. Ba a faɗinta don yabo. Abin da ƙamus bai rubuta ba, ni nake ƙara wa ɗalibaina: gawa ba ta zanzana. Wanda agana ta kashe, da ƙurjinsa ɗanye ake binne shi. Ramin na wanda ya tashi ne.

Da yaƙi ya lafa 'yan jarida suka fara zuwa da fararen motoci. Duk wanda ya sauka, marigayiyar yake fara nema. Na tara jaridunsu, na karanta da jan biro a hannu kamar mai duba jarrabawa, kuma ban samu ko ɗaya da ya tsallake kalmar nan ba. Garin pockmarked, bangon coci haka, ƙofarmu haka, kamar a filin jirgi ake raba musu ita tare da maganin sauro. Wata ta roƙe ni in tsaya kusa da ƙofar in yi fuskar baƙin ciki. Na tsaya yadda nake, ta ce ya yi daidai, kada in motsa. Sun ƙirga ramukan suka ce ɗari biyu da goma sha huɗu ne. Waɗanda suka fi so su ne manyan nan uku na tsakiya, waɗanda suke zaune su kaɗai. Kowa sai ya zura yatsa a cikinsu, ya girgiza kai, a ɗauke shi hoto.

Ni ma na ci moriyarta. Kowace shekara nakan kawo 'yan aji uku su tsaya a gabanta su kafa jimla. Babu ɗalibina da ya taɓa faɗuwa a kan wannan kalma. Na yi alfahari da haka a taron malamai. Abin da ban faɗa a taron ba shi ne amfanin da take yi mini. Idan ka ba mutum sunan rami, rami zai nema. Zai ƙirga, zai auna, zai yi jimami, ya tafi gida. Ba zai tambayi wurin da babu rami ba, domin ba a ba shi sunan wannan ba.

Mutum ɗaya ce ta taɓa tambaya. Lanyero ce, tana aji uku, tana tsaye cikin 'yan ajinsu a bakin gidan ubanta.

"Baffa, me ya sa tsakiyarta ba ta kamu sosai ba?"

Na ce, "A nan Malam nake. Kuma wannan ba ya fitowa a jarrabawa."

Daga makon nan na zama mai kishin siyasa. Duk ɗan takarar da ya zo da hotonsa, na kowace jam'iyya, nakan ba shi tsakiyar ƙofar ya liƙa. Tsakanin zaɓe da zaɓe nakan shafe ta da koren fenti mai kauri. Aparo kuwa kullum da safe, kafin ta hura wuta, sai ta fita ta ɓare takardun da farce, ta ɗora tafin hannunta a wurin, ta ɗan tsaya, ta dawo. Nakan gaya wa baƙi cewa matar yayana ba ta son 'yan siyasa.

Ciwon ajalin marigayiyar ya fara ne a farkon daminar bana, kuma ba a jikinta ya fara ba. Aparo ce ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata gardama. Wata safiya ina shirin tafiya makaranta ta kira ni.

"Malam, idan na tafi, kusa da wa za ku ajiye ni?"

Nyeko ba shi da kabari, ba a kuma taɓa rufe makokinsa ba. Muka je wurin Dattijo Latigo, babban danginmu. Ya ce abin da kowa ya sani: wanda ya mutu mutuwar jini, ba a kiransa gida sai daga inda ya faɗi. A nan ake yanka akuya, a nan ake kiran sunansa, a ɗebi ƙasar wurin a kai kabari. Idan aka kira shi a wurin da ba ya nan, wani ne zai amsa, kuma wanda ya amsa ɗin ba ya komawa.

"Kai kana nan ranar, ɗan Obita. Ina ya faɗi?"

Na ce gindin mangwaro. Ya sa ranar Asabar. Aparo tana zaune a gefe, ba ta ɗago ba.

Lanyero ta iso daga Gulu ranar Litinin da kayan aikinta a bayan a-kori-kura. Ga waɗanda ba su san ta ba, mai gyaran jikin mota ce, irin masu buge lotsawa su yi fenti, kuma maza shida suke aiki a ƙarƙashinta suna tsoron muryarta. Ta ce baƙi za su zo makokin ubanta, ba za su tarar da ƙofa kamar bayan kada ba. Na ce kayan tarihi ne, ba a taɓawa.

"Baffa, tarihi ba ya hana tsatsa. Matsa mini."

Ta yini tana kankare fentina da fuskokin 'yan takara, zaɓe bayan zaɓe, har ta kai ga ƙarfe tsirara. Masu sana'arta suna da wata dabara ta gane inda ƙarfe ya lotsa. Sukan fesa baƙin fenti sama-sama, su naɗe samfefa, takardar goge ƙarfe, a jikin katako su bi a kai. Inda ya lotsa baƙin yakan zauna, inda yake lafiya yakan yi haske. Ranar Talata da safe ta fesa, ta fara gogewa daga sama. Ina zaune a kan benci da kofin shayi. Aparo tana kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Ramuka ɗari biyu da 'yan kai suka fito baƙi ƙirin kamar an watsa tamba. A tsakiyarsu ƙarfe ya fara haske. Kai ya fito. Kafaɗu suka fito. Hannun hagu ya miƙa ya shiga zoben ƙofar. Na dama yana sama, a dunƙule. Ƙarafan gurnetin sun cika ko'ina, ban da inda jikinsa ya tare. Manyan ramukan nan uku, na 'yan jarida, suna daidai gadon bayansa.

Samfefa ta tsaya. Masu wucewa suka tsaya. Wani mai acaɓa ya cire hularsa, ya yi alamar gicciye.

Lanyero ta ja da baya taku uku. "Baffa, wane ne wannan?"

Na ce ƙarfe yakan yi irin wannan, zafi da sanyi sukan sa shi ya yi siffofi, kamar yadda ake ganin zomo a cikin wata.

"Shekara ashirin ina cin abinci da ƙarfe. Ba ni za ka koya wa ƙarfe ba. Inna, wane ne wannan?"

Aparo ba ta daina ɓare gyaɗarta ba. Ta ce, "Ubanki ne mana. Ni kullum ina gaishe shi. Su ne masu boko suke ƙirga ramuka."

Lanyero ta juyo gare ni. "Wa yake riƙe da sakata a ranar?"

Na ajiye kofin shayin. Na ce, da muryar da nake koyar da nahawu, ƙarfen ya yi kauri, ba a jin bugu daga ciki.

"To, mu gwada. Shiga."

Ta kama ni a wuyan riga, ni da furfurata, a gaban mutanen da na koyar da 'ya'yansu, ta tura ni cikin shago, ta ja marigayiyar ta zobe. Gwaram.

"Sa sakata!"

Na sa. Hannuna sun tuna wurin, ba su yi lalube ba. Ta buga da hannu, ba da ƙarfi ba ma. Ban san wa ya koya mata ba, ko kuwa a jini yake: biyu da sauri, ɗaya a hankali.

"Ana ji, Baffa?"

Ta sake bugawa.

"Malam Silvano! Mai Turanci! Ana ji ko ba a ji?"

Sai ta ɗauko guduma. Bugun farko ya kaɗa ni da baya na faɗa kan buhuna. Na biyu ya zubo da kwalabe daga kanta suka tarwatse. Tana buga tana tambaya, marigayiyar tana amsa mata da wannan ƙarar da na ji sau ɗaya tak a rayuwata. Jini ya fara fita mini ta kunnen hagu. Ban san bugu nawa ta yi ba. Na san dai na rarrafa cikin fasassun kwalabe na kai bakina ƙarƙashin ƙofar, inda muryarsa ta shigo, na ce, "Ana ji."

Guduma ta faɗi ƙasa. Ta ce, "Kada ka buɗe. Ka saba. Ja baya kawai."

Na ji ta kunna wutar gas ta masu walda. Wani jan ɗigo ya bayyana a jikin ƙarfen, ya zama fari, ya fashe, tartsatsi suka kwararo cikin shago. Marigayiyar ba ta yi gwaram ba, ba ta yi ƙiiiii ba. Huci ta riƙa yi, dogon huci, ƙarfenta yana narkewa yana ɗiga kamar kitse a kan garwashi. Daga cikin duhu na kalli layin haske yana tafiya: ya hau ƙafa, ya bi kwiɓi, ya kewaye dunƙulallen hannu yatsa bayan yatsa, ya zagaya kai, ya sauko ya haɗa da zoben. Hannunta bai karkace ko sau ɗaya ba. Aikin ya ɗauki kusan awa biyu. A ƙarshe ta sa ƙafa ta tura, yayana ya faɗo cikin gida da fuskarsa, ƙasa ta girgiza. A daidai wannan lokaci marigayiyar ta cika.

Ta ramin da ya bari na ga rabin Te-Olam a tsaye. Lanyero ta shigo ta cikinsa, gashin girarta ya ƙone, tafin hannunta ya yi bororo. Ta buge sakatar da guduma har ta fita daga mazauninta, ta ɗora mini a hannu biyu da sauran zafinta.

"Ranar Asabar ka zo da ita."

Na kawo mata ruwa. Ta sha rabi, ta zuba rabi a kan ubanta don ya huce. Ƙarti huɗu suka ɗauke shi, kamar yadda huɗu suka kawo ta. Aparo ta sa aka shimfiɗa shi a ɗakinta, ta lulluɓe shi da zanenta na zuwa coci, ta ce kowa ya fita.

Marigayiyar ta rasu ta bar maƙalai biyu da suke riƙe da abin da ya rage na jikinta. Ta bar sakata ɗaya, tana hannuna. Ta bar mabuɗi wanda ba shi da sauran aiki, da ramuka ɗari biyu da goma sha ɗaya, domin uku sun tafi tare da mai su. Ta bar mangwaron kasuwa, wanda na ɗora wa gawa shekara talatin da shida bai yi musu ba, ina neman gafararsa a bainar jama'a. Ta bar kalmar Turanci guda, wadda har yanzu daidai take, babu kuskure a cikinta, sai dai 'yan aji uku na bana za su nemi wani misalin. Hanyar Kitgum tana nan da ramukanta. Ta kuma bar ni, wanda na tashi daga cutar, ga shi babu wanda ya taɓa ganin komai a fuskata.

Game da jana'iza: za a taru ranar Asabar da hantsi a bakin shagonmu, ba a gindin mangwaro ba, masu kawo kujeru su lura. A nan za a yanka akuya, a nan za a kira sunan Nyeko ɗan Obita, a nan za a ɗebi ƙasa. Daga nan za a ɗauki ɓangaren marigayiyar da ba shi da zanzana a kai bayan gida, a binne shi da takalmin taya ɗaya da Aparo ta fito da shi jiya daga ƙasan akwatinta. An bar wuri a gefensa na hagu, ta je da kanta ta auna. Masu haƙa su zo da igiya mai ƙarfi, mamacin ya fi yadda suka saba nauyi. Za a yi tuwon tamba da miyar riɗi.

Kafin yanka, Dattijo Latigo zai sake tambaya. Zan ajiye sakatar a gabansa in amsa, da harshenmu, ba da Turanci ba. Na rubuta amsar a nan ne tun yanzu don na san kaina. Idan na ga fuskokinsu ina iya tuna mangwaro. Duk wanda ya karanta wannan sanarwa ya zo ya tsaya inda zan gan shi. Abin da dattawa za su yanke a kaina nasu ne, ban roƙi sassauci ba, ba kuma don jarumta ba, don ban san da wane baki zan roƙa ba.

Sauran jikin marigayiyar ba za a binne shi ba. Na so a kai wa masu gwangwan, Aparo ta hana.

"A bar shi a nan. Ta nan za ka riƙa shiga, ta nan za ka riƙa fita."

Na yi kwana uku ina yin haka. Nyeko ya fi ni tsawo, ya fi ni faɗi, ba sai na sunkuya ba.

Ana karɓar gaisuwa kullum daga safe zuwa la'asar. Ba a buƙatar furanni, ba a buƙatar masu ɗaukar hoto, kuma ina roƙon kada kowa ya zura yatsa a ko'ina. Masu zuwa kada su ƙwanƙwasa. Ba ni na buɗe ba, kada a ba ni wannan yabo, amma a buɗe take.